Mi ake nufi da sakan-han?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wanda ya taɓa cin kasuwar Jibiya ko Illela ko Maigatari ya ji ƴan kasuwa suna cewa: "Wannan sakan-han ne." Wasu ma "sakan" kawai suke cewa. A ajinmu na yaƙi da jahilci wani dattijo ya tambaye ni ma'anarta. Ya sayi injin ban ruwa don garkarsa, yana zaton sakan-han sunan kamfani ne. Kwana 9 injin ya yi, ya mutu, albasa tana tsakar son ruwa.

Kalmar ta Ingilishi ce. Ana rubuta ta haka: second-hand. "Sakan" shi ne na biyu, "han" kuma hannu. Ke nan hannu na biyu. Wanda ya sayi abu sabo, shi ne hannu na farko. In ya yi aiki da shi ya sayar maka, kai ne na biyu. Da Hausa muna cewa na hannu, ko kwance. In tufafi ne mu ce gwanjo. Masu jin Faransanci su ce okaziyo.

A Najeriya za ka ji wasu sunayen. Yarbawa suna cewa tokumbo, wato abin da ya ƙetaro teku. Ana kuma cewa Beljiyam, don motoci da yawa daga tashar jiragen ruwan wannan ƙasa aka yi lodinsu. Mota ƴar Kwatano ita ma ta hannu ce, an sauke ta a tashar Kwatano ta ƙasar Benin.

Turawa ba ga kaya kaɗai suke amfani da kalmar ba. Labarin da ba ka gani da idonka ba, wani ya faɗa maka, shi ma sakan-han suke ce masa. Mu ji-ta-ji-ta muke cewa. Haka hayaƙin taba da mai sha ya busa, matarsa da ƴaƴansa suka shaƙa a ɗaki. Hukumar lafiya ta duniya ta ce irin wannan hayaƙi yana kashe mutum fiye da miliyan 1 kowace shekara.

To, ga abin lura. Kalmar ba ta ce kaya na da kyau ba, ba ta ce ba su da kyau ba. Ta dai ce wani ya riga ka aiki da su. Ba ta faɗi shekara nawa ya yi da su ba. Ba ta faɗi dalilin da ya sa ya rabu da su ba. Sau da yawa abin da ake kira hannu na biyu ya bi hannu huɗu ko biyar.

Kayan hannu ba abin kunya ba ne. Da su talaka ke samun keke da amalanke da rigar sanyin yara. Amma kafin ka kwance kuɗin wakenka ko na ragonka, ka yi waɗannan:

In inji ne, a tada shi gabanka, ya ja ruwa, ya ɗan jima yana aiki. Ka duba hayaƙinsa da inda mai ke yoyo. Ka tafi da makaniken da ka yarda da shi, ba na mai kaya ba.

Ka tambaya ko ana samun kayan gyaransa a kasuwarku.

In moto ne, ka karɓi takardunsa. Ka karanta lambar da ke jikin ƙarfe, ka gwada da ta takarda. Kayan sata ma da sunan na hannu ake sayar da su, kuma wanda aka kama da su a hannu shi ke shan tambaya.

A rubuta takardar ciniki: sunan mai sayarwa, kuɗi, rana, da shaidu biyu.

In gwanjo ne, a wanke da sabulu, a shanya a rana kafin a sa wa yaro.

Nan ne karatu ke da rana. Wanda ya iya karanta lamba da takarda ba a cika cutarsa ba. Maganar dillali ita ma sakan-han ce. Gani ya kori ji.

Allah ya tsare mu da hasara, amin.