Sekiro: Wasan da Ba Ya Son Mai Ja da Baya

A watan Maris na 2019 kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar da wasan bidiyo mai suna Sekiro: Shadows Die Twice, wanda Hidetaka Miyazaki ya jagoranci ƙirƙirarsa. Labarin wani mayaƙi ne da aka sare wa hannu a Japan ta ƙarshen ƙarni na 16, yana fafutukar ceto ubangidansa, yaro ƙarami. Wasan ya zama gwarzon shekara a bikin The Game Awards, amma wuyarsa ce ta fi yi masa suna. A ganina, wuyar nan koyarwa ce da aka tsara da gangan.

Kowane abokin gaba yana da ma'auni biyu: na rai da na tsayuwa. In ka tare saransa daidai lokacin da takobin zai sauka, sai ƙarfe ya gamu da ƙarfe, tartsatsi ya tashi, ma'aunin tsayuwarsa ya hau. Da ya cika sai ya yi tangaɗi, ka soke shi. In kuwa ka ja da baya kana jiran dama, ma'aunin zai sauka, wahalarka ta tashi a banza. Shi ya sa Genichiro, jarumin da ke jira a saman fadar Ashina, yake gasa wa sababbin 'yan wasa aya a hannu. Amma ba ya yin maguɗi: kafin mugun hari jar alama takan bayyana, in sukar takobi ce ka take takobin, in sharar ƙafa ce ka yi tsalle. Wanda ya faɗi ya san abin da ya kayar da shi.

Masu ƙorafi na cewa babu zaɓin sauƙaƙa wasan, kuma ba ka iya gayyato wani ya taya ka faɗa kamar a wasan Dark Souls. Ga mai lafiyar hannu wannan ƙorafin bai gamsar da ni ba, domin in aka rage ƙarfin Genichiro, ɗan wasa zai wuce shi bai koyi tare sara ba, alhali sauran wasan a kan haka aka gina shi. Inda suke da gaskiya shi ne batun masu lalurar hannu, waɗanda suka gane abin yi sarai amma yatsu ba sa kaiwa a kan lokaci. Wasan Celeste na 2018 ya ba da damar rage gudun wasa ba tare da an sauya fasalinsa ba, kuma da FromSoftware ya yi haka, da babu abin da Sekiro zai rasa.