Wa doka ta yarda ya cire wa mutum haƙori a Haɗejia?

Ciwon haƙori ba ya jira, shi ya sa mutane da dama a Haɗejia da ƙauyukan fadama ke miƙa bakinsu ga duk wanda ya fi kusa. Amma doka ta fayyace wanda ya cancanci wannan aiki, kuma kowane majiyyaci na da ikon tambaya.

Sharaɗi na farko ya shafi likitan kansa. Hukumar MDCN, wadda aka kafa a 1963, ita ce ke yi wa likitocin haƙori rajista, kuma wajibi ne kowannensu ya sabunta lasisinsa duk shekara. Yin aikin ba tare da rajista ba laifi ne. Hukumar na da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya dakatar da likita ko soke sunansa. Masu wanke haƙora da masu ƙera haƙoran roba suna da nasu hukumomin daban, kuma lasisinsu bai mai da su likitoci ba.

Na biyu ya shafi wurin. Asibiti mai zaman kansa na buƙatar rajista daga gwamnatin jiha, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta masa mallakar takardar shaidar inganci. Idan yana da na'urar ɗaukar hoton haƙori, sai ya nemi izinin hukumar NNRA. Dalilin wannan tsauri a fili yake: kayan aikin da ba a kashe musu ƙwayoyin cuta ba na iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

Na uku shi ne shara, kuma a nan ne yanayin Haɗejia ya sa lamarin ya fi muhimmanci. Kusan rabin cikon haƙori mai launin azurfa zaiba ce, wadda idan ta shiga ruwa takan taru a jikin kifi. A yankin da ambaliya ta mamaye a 2020 da 2022, allura ko ragowar ciko da aka zubar a bola na iya ƙarewa a kogi. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata a 2018, wadda daga baya ta nemi a daina yin wannan ciko ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu juna biyu da masu shayarwa.

Kafin mutum ya hau kujerar likita, ya dace ya nemi ganin lasisin bana da rajistar asibitin. Idan aka ƙi nuna masa, yana iya kai ƙorafi Ma'aikatar Lafiya da ke Dutse ko ga MDCN.