Abin da ke mayar da gwarzon mako abin takaici a gasar Fantasy ta NBA

A gasar Fantasy ta ƙwallon kwando, mutum yakan zaɓi 'yan wasan NBA, a tara masa maki gwargwadon ƙwazonsu a fili: jefa ƙwallo a kwando, taimaka wa abokin wasa da ƙwace ƙwallo. Shi ya sa ake rububin Nikola Jokic, gwarzon NBA a 2021, 2022 da 2024.

Sai dai wasanni 82 na kowace ƙungiya ba su rabu daidai ba: wani makon huɗu, wani biyu. Ƙarancin wasa, rauni ko hutu kan dusashe tauraro. Wanda ya saki ɗan wasa saboda mako guda tamkar manomi ne da ya karyar da hatsinsa da kaka.