Takobi a Fada da Takobi a Fagen Gasa: Kakar Wasan Takobi ta Jami'o'i a Mahangar Al'adar Katsina

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da gasar Olamfik ta zagayo, kafafen yaɗa labarai na Hausa sukan ci karo da wani wasa da mutum biyu ke yi cikin fararen kaya, fuskokinsu a rufe da raga, kowa riƙe da siririn ƙarfe. Sunan da ya fi saurin zuwa baki shi ne "wasan takobi". Sai dai Bakatsinen da ya ji wannan suna wani abu daban zai hango: mahaya suna jinjina a filin Kangiwa ranar hawan Sallah, ko ɗan tauri yana goga kaifi a cikinsa ana yi masa kiɗa. Wannan maƙala tana bayanin yadda ƙungiyar jami'a ke gudanar da kakar wannan wasa a inda ya kafu, tare da nuna cewa a al'adar Katsina takobi ya bi wata hanya ce ta daban. A nan ba da shi ake gasa ba, bayan an gama gasa ne yake fitowa.

2.0 Gajere da Kokawar Korau

Hasumiyar Gobarau, wadda ruwayoyi da dama ke danganta ginin masallacinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, ita ce alamar da Katsinawa ke nunawa idan ana zancen daɗewar ilimi a birnin. Sarkin da ake jinginawa da ita kuwa shi ne mai takobin da ya fi kowane suna a Katsina, wato Gajere. Ruwayar baka ta nuna cewa Korau ɗan kokawa ne daga 'Yandoto, ya kara da Sanau, sarki na ƙarshe daga zuriyar Kumayau, ya kayar da shi bayan an tone asirinsa ta hannun matarsa, sannan ya yanka shi da Gajere. Har yau takobin yana cikin kayan sarautar Katsina, kuma A. D. H. Bivar ya yi nazarinsa a littafinsa na 1964 kan makaman sarakunan Arewa.

Abin lura a wannan ruwaya shi ne tsarin aukuwar al'amura. Gwajin ƙarfin da hannu aka yi shi, babu makami. Takobi bai shigo ba sai da nasara ta riga ta tabbata, aikinsa shi ne rufe magana. Irin wannan tsari ya sake bayyana a zamanin nan a Jamhuriyar Nijar. Tun daga 1975, lokacin da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wanda ya zama sarkin kokawa takobi ake miƙa masa, har gasar ta ɗauki sunan takobin. Wanda ya fara ɗaukarsa shi ne Kantu na Maraɗi, garin da sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa bayan jihadi. Jihohi takwas kan kawo 'yan kokawa goma-goma, a yi kwanaki ana karawa, amma ba wanda ke zare takobin nan a fage.

Ba rashin takubba ne ya jawo haka ba. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya ambaci yawan ruwan takubban da ake kawowa daga Solingen ta ƙasar Jamus, maƙeran Kano su sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube. Takobi ya wadata, amma wurarensa sanannu ne: fagen daga, kafaɗar basarake, da dandalin nuna buwaya. Ɗan tauri da ƙarfe yake jayayya, ba da abokin karawa ba, kuma abin da yake son tabbatarwa shi ne maganinsa ya ci. A takkai sanduna ne ke haɗuwa bisa amon kiɗa, ba a fitar da gwani. Shanci ne kaɗai ya kusanci karawa da makami, shi ma ƙarfen a hannu ake ɗaura shi, kuma jini ne ke nuna wanda aka sama.

3.0 Yadda Turai ta Mayar da Takobi Abin Ƙidaya

A Turai an dakushe tsinin, aka rufe fuska, aka koma ƙirga taɓi maimakon rauni. Wasan yana cikin Olamfik tun daga gasar farko a Atina a 1896, kuma an kafa hukumarsa ta duniya a Paris a 1913. Ana yin sa a kan shimfiɗa mai tsawon mita 14, da makamai iri uku. Falore da efe na suka ne kawai: a falore gangar jiki ake nema, a efe kuwa ko'ina halas ne daga kai zuwa ƙafa. Sabar ya yarda da sara da suka daga ƙugu zuwa sama, shi ne kuma mafi kusa da abin da barade suka sani. A falore da sabar akwai ƙa'idar fifikon wanda ya fara kai hari, ta yadda idan an taɓa juna tare, alƙali ne ke tantance mai maki. A efe kowa ya samu. Na'urar lantarki ce ke shaida taɓi. Ta shiga Olamfik a efe a 1936, a falore a 1956.

4.0 Kakar Ƙungiyar Jami'a

Amurka ce ƙasar da wannan wasa ya fi samun tsari a matakin jami'a, ƙarƙashin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, wadda ta fara gasarsa a 1941. Kaka takan fara a wajajen Oktoba ko Nuwamba, ta ƙare a Maris. Yawancin watannin a karawar jami'a da jami'a suke tafiya, inda makarantu da dama kan taru wuri ɗaya a ƙarshen mako, kowace ta kara da abokan hamayya huɗu ko biyar a yini guda.

Lissafin karawa ɗaya shi ne ƙashin bayan kakar duka. Kowace jami'a tana fito da mutum uku a kowane makami, kowanensu ya gamu da ukun ɗaya ɓangaren. Turmi tara ke nan a makami guda, 27 a makamai uku. Ana cin turmi da taɓi biyar, a cikin minti uku. Ƙungiyar da ta fara cin turmi 14 ita ta yi nasara. Wannan lissafi yana da wani sakamako da mai kallon dambe zai yi mamakinsa: gwani ɗaya, ko da ya gagari duniya, turmi uku kawai zai iya kawowa. Sauran goma sha ɗayan sai daga hannun abokansa. A dambe, shago ɗaya na iya ɗaga sunan Kudu ko Arewa ko Guramada a dare guda. A nan kuwa ƙungiyar da ta fi kyawun mutum na uku ita ta fi zuwa nesa. Saboda haka kocin kirki kan yi amfani da tsakiyar kaka wajen jarraba sababbin ɗalibai, ko da zai rasa turmi ɗaya ko biyu.

A watan Maris akan yi gasar shiyyoyi, inda sakamakon ranar da na kakar baki ɗaya ke haɗuwa su fitar da waɗanda za su je gasar ƙasa. A tsarin da aka bi daga 1990 har zuwa gasar 2025, an haɗa maza da mata a kambu ɗaya. A shekarun ƙarshe na wancan tsari, kowane makami yana da mutum 24 a ɓangaren maza, haka ma a na mata, jami'a ba ta wuce mutum biyu a cikinsu, wato 12 gaba ɗaya, kuma kowa sai ya gamu da sauran 23. Jimillar turamen da 'yan jami'a suka ci ita ke ba ta kambu. Ke nan a wancan tsari jami'ar da ta yi sakaci da ɓangaren mata ta rufe wa kanta ƙofa tun kafin a fara. Notre Dame ta ɗauki kambun a 2021 da 2022 da 2023, Harvard ta karɓe a 2024, Notre Dame ta sake dawo da shi a 2025.

Afirka ba baƙuwa ba ce a nan. Alaaeldin Abouelkassem na Masar ya ci azurfa a Landan a 2012. Fares Ferjani na Tunisiya, wanda ya ci azurfar sabar a Paris a 2024, ya yi wa Jami'ar St. John's ta New York wasa. Ibtihaj Muhammad, wadda ta yi wa Amurka wasa da hijabi ta kuma ci tagulla a 2016, a Jami'ar Duke ta goge. A Nijeriya harkar ta fi ƙarfi a Legas, wadda ta karɓi baƙuncin gasar Afirka a watan Yunin 2025.

5.0 Batun Suna

Katsina ta san yadda baƙon wasa ke zama ɗan gari. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta raini wasan fayif, Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Usman Nagogo kuma suka mayar da folo abin alfaharin masarauta. Dukansu sun zo da sunayensu na aro, domin ba su tarar da kowa a wurin ba. Wasan takobi kuwa zai tarar da gida cike da kalmomi, kuma nan ne aikin masana Hausa yake.

Wasu kalmomin a shirye suke. Rigar kariya mai kauri lifidi ce, rigar ƙarfe-ƙarfe da ake ɗorawa a kanta don na'ura ta gane taɓi sulke ce, abin rufe kai kwalkwali, zagaye ɗaya kuma turmi kamar yadda 'yan dambe ke cewa. Wasu kuwa tarko ne. "Sara" da "suka" sun dace da ma'anar hare-haren biyu daidai, amma da zarar sun haɗu sai su zama sunan 'yan daban Bauchi, kuma uban da ke zaune a unguwar da ƙauraye suka addaba ba zai so a ce 'yarsa tana koyon sara da suka a jami'a ba, ko da kayan wasan sun rufe ta ruf daga kai har ƙafa. "Taɓi" ya fi aminci, ya kuma fi faɗin gaskiyar abin da na'ura ke ƙirgawa. Haka nan "gasar takobi" ta fi "wasan takobi" dacewa, tunda tana raba shi da tauri da takkai a rabe-raben wasannin da ake koyarwa a sassan Hausa. Ita ma tana da nata cikas ɗin: a Maraɗi da Damagaram, wanda ya ji "gasar takobi" kokawa zai ɗauka ake nufi.