Takalmin doki

Takalmin doki wani abu ne mai siffar baka da ake liƙa wa doki a ƙasan kofato don kada ya cinye ko ya tsage. An fi yin sa da ƙarfe, amma yanzu akwai na roba, wanda ake sa wa dawakai masu jan keke a kan kwalta.

Dalilin sa shi

Kofato kamar farce yake, yana ƙaruwa da milimita 6 zuwa 10 a wata. Idan doki yana tafiya a kan yashi, abin da ƙasa ke ci bai wuce abin da ke tsirowa ba. A kan kwalta ko tsakuwa kuwa, musamman da kaya a baya, kofaton yakan cinye da sauri har dokin ya fara ɗingishi. Ana kafa ƙusa ne a gefen kofato, inda babu jijiya, shi ya sa dokin ba ya jin zafi. Akan cire takalmin bayan mako 4 zuwa 8, a yanke kofato, a mayar.

Na ƙarfe da na roba

A shekarar 1835 Henry Burden ya ƙera injin buga takalmin ƙarfe a Amurka, lamarin da ya sa ya yi araha. Ƙarfe yana daɗewa, sai dai yana santsi a kan kwalta, yana mayar da ƙarfin bugu zuwa gaɓoɓin doki, kuma yana ɓata titi. Na roba bai kai shi nauyi ba, yana rage bugu da ƙara, yana kuma kama titi. Ana kafa shi da ƙusa ko a manna da gam, amma gam ba ya kamawa sai kofato ya bushe sarai. Ya fi tsada, kuma kamun da ya yi yawa yakan hana ƙafa ɗan zamewar da ta saba yi idan ta sauka.

A gabashin Sakkwato

A ƙasar Hausa ba a saba sa wa doki takalmi ba. Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda ya rasu a 1837, da Rabah da Goronyo, duk suna yankin kogunan Rima da Sakkwato ne, mai yashi da fadama. Dawakin yankin na sarauta ne da hawan salla, amalanke kuwa shanu da jakuna ke jan ta, da albasa da shinkafa daga fadama. Abin da ya fi damun kofato a nan shi ne laka, wadda ke ruɓar da ƙasansa da damina, sai kuma tsagewa da rani. Maganinsu shi ne yanke kofato a kan kari, da share shi, da busasshen turke. Buƙatar takalmi tana tasowa ne ga dabbar da ke bin kwalta kullum, kamar titin Sakkwato zuwa Goronyo.