3.4 Hawan Silo da Karanta Lambobin Matsalar Inji

A wannan sashe za a duba matsalar da kanikawa ke kira hawan silo, wato injin mota ya riƙa gudu fiye da ƙima alhali direba bai taka totur ba. Lafiyayyen inji idan ya ɗauki zafi yakan zauna tsakanin juyi 700 zuwa 900 a minti ɗaya. Idan ya wuce 1,500 ya ƙi saukowa, to akwai matsala. Ga direban haya da ke jigila tsakanin Kiyawa da Shuwarin da Dutse wannan asara ce, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, domin mai na ƙonewa ko da motar tana tsaye a tasha tana jiran fasinja.

A zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, gyaran bai da wuya. Bakanike zai juya sukurun kafireto yana sauraren ƙarar inji har ta kwanta. Amma motocin injekta 'yan Kwatano ba haka suke ba, ƙwaƙwalwar mota ce ke daidaita iska da mai, ita ce kuma ke ajiye lamba idan ta ga kuskure.

Hanyar karanta lambar iri biyu ce. A tsofaffin Toyota akan haɗa ramukan TE1 da E1 da guntuwar waya, sai fitilar gargaɗin inji ta riƙa ƙiftawa. Ƙiftawa biyu, a ɗan tsaya, sannan wasu biyu, lamba 22 ke nan, wadda ke nuni ga na'urar auna zafin ruwa. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai rami 16 a kusa da sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Lamba P0507 na nufin silo ya haura yadda ƙwaƙwalwa ke so, P0171 kuwa iska ta rinjayi mai.

Abin lura a nan shi ne, lambar tana nuna inda za a bincika ne kawai, ba ta cewa ga abin da za a sauya. Sau da yawa akan tura mai mota sayen sabuwar na'ura, alhali tiyo ne zafi ya tsattsaga yana zuƙar iska ta bayan fage, ko kuwa ƙurar hunturu ce ta daskare a maƙogwaron totur ta hana shi rufewa.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yaɗu a garejinmu, wato cire tamostat da sunan wai na ƙasashen sanyi ne. A ganin mai wannan nazari, kuskure ne. Idan babu shi ruwan lagireto yakan daɗe bai yi zafi ba, musamman da asubar hunturu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka injin bai gama ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara mai da ɗaga silo. A wasu motoci lamba P0128 ce ke fitowa. Goge lambar da na'ura ba ya hana ta dawowa, sai an mayar da tamostat ɗin mazauninsa.