Mudun Awon Hayaƙi A Masana'antun Siminti

Mu da ke Agoe-Zongo mun saba ganin gingimarin siminti na bin hanyar arewa zuwa Sinkase. Buhu muke ƙirgawa, amma kafin ya iso hannunmu sai an gasa dutse a wuta mai zafin digiri kusan 1,450, irin aikin masana'antar Scantogo ta yankin Tabligbo da aka ƙaddamar a 2015. Wutar kuwa hayaƙinta sama yake tashi, kowa ya shaƙa.

To, yaya ake auna abin da ido ba ya gani? A manyan masana'antu na zamani akan liƙa wata na'ura a jikin bututun hayaƙi, ta harba hasken infared ya ratsa cikinsa. Kowace iska da irin hasken da take shanyewa: kabon monoksaid daban, salfa dayoksaid mai shaƙe ƙirji daban. Gwargwadon hasken da ya ragu kafin ya kai ɗaya gefen, shi ne yawan gubar. Idan kabon monoksaid ya hau, kwal bai ƙone sosai ba ke nan, asara ga kamfani, cuta ga maƙwabta.

Sai dai ƙura da tururi na ruɗa na'urar, shi ya sa ake gwada ta da iskar da aka san awonta, kamar yadda muke gwada sikeli da dutsen kilo. A Togo hukumar ANGE ce ke sa ido kan muhalli, kuma a ganinmu ya dace ta riƙa bayyana wa jama'a alƙaluman kowane bututu.